Basarke a Ƙasar da Babu Kogi

Sai da na kwana goma sha ɗaya a Makka kafin na yarda cewa Alhajin da ya kawo mu ba zai dawo ba. Tun a filin jirgi ya tattara fasfo ɗinmu, ya ce zai je ya gyara mana takardun aiki a kasuwar kifi ta Jidda, ya ajiye mu a wani ɗaki a Utaibiyya. Muka yi Umra, muka zauna jira, har mai gidan ya gaji ya fito mana da jakunkuna waje. Abokan tafiyata kowa yana da wanda ya sani a garin, suka watse. Ni ban san kowa ba. Sunana Ummaru, mutumin Yauri ne ni, Basarke. A bakin Kwara aka haife ni, kuma ban taɓa cin abinci da wata sana'a ba in ban da kamun kifi.

Tunanin da ya zo mini shi ne, duk garin da ke da mutane haka ai ba ya rasa kogi, in kuwa na kai bakin ruwa ba zan kwana da yunwa ba. Na ji wani mai shara yana Hausa, na yi masa sallama na tambaye shi ta ina kogin garin nan yake. Ya bi ni da kallo. Wata tsohuwa da ke zaune a gefe da kwanon ɗanwake ce ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da ta sarara ta kira ni, ta zuba mini ɗanwaken, ta tambaye ni garinmu.

"Ɗana," ta ce, "shekarata talatin a nan ban ga ruwa yana gudu da kansa ba sai ranar da zai yi ɓarna. Ɗauki jakarka ka biyo ni."

Inna Zinatu ke nan, mutuniyar Mirriya. A Nakkasa take, a lokacin ba a kai ga rushe unguwar ba. Gidajen a jikin dutse suke, wani a kan wani, mota ba ta shiga, sai matakala da lunguna. Ta ba ni tabarma a saman rufin ɗakinta, ta kuma nemo mini aiki: motar ruwa da suke kira wayit tana tsayawa a gindin dutse, ni kuma in riƙa hawa da jarkoki zuwa gidajen sama.

Zafin Makka ne ya fara ɗaure mini kai. A gida zafi daga sama yake zuwa, in ka shiga inuwa ka tsira. A nan daga sama yake, daga ƙasa, da kuma gefe da gefe. Garin a cikin kwari yake, baƙaƙen duwatsu sun kewaye shi, suna shan rana tun safe, in an yi Magariba su fara amayar da ita. Ka jingina da bango bayan faɗuwar rana ka ji shi kamar tanda. Na wanke riga na shanya, kafin in gama wanke wando ta bushe ƙamas. Da asuba nakan shafa tabarma ko zan ji raɓa, ban taɓa ji ba. Nakan duba gabas in nemi hadari kamar yadda na saba, ba komai sai farin sama. Na tambayi Inna yaushe damina take faɗuwa a nan. Ta ce ba su da damina, sel suke da shi, wato ambaliya. Ta kai ni wani lungu a gindin unguwa ta nuna mini wani zane a bango, daidai ƙirjina, ta ce nan ruwa ya kai wata shekara, cikin abin da bai fi a dafa shayi ba, kuma washegari ƙura ke tashi a wurin. Na gyaɗa kai don girmanta, amma a raina na ce tsohuwa ta ƙara gishiri.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ruwan da nake ɗauka. Tunda babu kogi babu tafki, daga ina yake? Na dami direban wayit da tambaya har ya ce mini na teku ne, ana cire masa gishiri a can bakin gaɓa a turo shi ta bututu ya hau duwatsu. Na buɗe jarka na kurɓa, na juya shi a baki. Ba shi da ɗanɗanon laka, ba shi da na ganye, ba shi da na komai. Tun daga ranar na ƙudura sai na ga tekun nan da idona.

Wata bakwai na yi ina hawa da sauka, har gwiwoyina suka fara ƙara. Inna ta lura. Wata Juma'a ta kai ni Rusaifa wajen wani dattijo da ake kira Ammu Bakur, mai a-kori-kura da yake ɗauko kifi daga garin Lis, can kudu a bakin teku, yana raba wa masu gidajen abinci. A Makka aka haife shi. Kakansa ne ya taho daga Kano a ƙasa, shi kuwa bai taɓa ganin Kano ba, Hausarsa rabi Larabci ce. Yana da iƙama, wato takardar zama, ni ba ni da ita. Ya ɗauko wani kifi daga cikin ƙanƙara ya miƙo mini. Na buɗe masa kunne na duba, na danna cikinsa, na ce wannan ya kwana biyu. Ya kalli Inna ya ce, "Halas, gobe ya zo."

Ba zan manta saukata ta farko ba. Muna fita daga Makka duwatsun suka fara ja da baya, suna ƙanƙancewa, har suka bar mu a wani fili shimfiɗaɗɗe mai yashi da ƙananan itatuwan ƙaya da raƙuma jefi-jefi. Ammu ya ce sunan wannan fili Tihama, kuma haka yake bin bakin teku har Yaman. Ta hagu, can nesa, ga wani dogon layin duwatsu shuɗi-shuɗi kamar katanga. Sai na ji iska ta sauya. Ta yi nauyi, ta yi danshi, rigata ta manne a bayana. Zufar da a Makka take bushewa kafin ka gan ta, a nan zama take yi a jiki. Lokaci-lokaci hanyar tana tsallaka wasu faffaɗan kwaruruka masu farin yashi, an yi musu gadoji manya. Na tambayi Ammu dalilin gada a inda babu ruwa. Ya ce wadi ne, in bari in gani.

Da muka isa Lis ban tsaya sauke akwatuna ba, na nufi ruwa. A gida na ga Kwara a cike, na ga tafkin Kainji, amma kullum akwai gaɓa a ɗaya hayin. Wannan ba shi da hayi. Na shiga har gwiwa, wani ƙaramin yanka da ke ƙafata ya ɗau zogi. Na ɗanɗana na tofar. Masuntan wurin Yamalawa ne da mutanen Bangaladash, na yi ta tambayarsu da hannu da 'yan kalmomin da na tsinta: wane kogi ne yake zuba a cikinsa? Suka ce babu ko ɗaya. To me ya hana shi ƙafewa a wannan rana? Ɗaya ya nuna kudu ya ce yana da ƙofa, ta can babban teku yake shigo masa. Kifayen kuwa kamar an yi musu ɗinkin atamfa, ja mai ɗigon shuɗi, kore mai baki irin na aku. Na yi ta juya su ina neman mai kama da giwan ruwa ko tarwaɗa, ban samu ba. A nan ne kewar gida ta kama ni sosai, da na ji ƙarnin taru da ƙarar ruwa a jikin kwalekwale. Na tuna matata Hansai tana ƙyafe kifi a bayan gida. Na zauna a kan wani juyayyen jirgi, Ammu ya bar ni har na tashi da kaina.

Shekara ɗaya da rabi na yi da shi. A shingen bincike yawanci sun san motarsa, sukan ɗaga masa hannu mu wuce, ni ina baya a tsakanin akwatuna. Wata rana wani mai gidan abinci a Ɗa'if ya yi odar kifi, muka hau can. Hanyar tana nannaɗe dutse kamar rawani, kunnuwana suka toshe, birai suna zaune a bakin titi suna jiran a jefa musu abinci. Muna cikin hawa sai gajimare ya shigo mana ta taga. Na miƙa hannu na taɓa shi, sanyi ne da laima kawai. A saman kuwa ga rumman, ga inabi, ga mutane da rigunan sanyi. Da safe ina gumi a bakin teku, da azahar ina ƙonewa a Makka, da la'asar haƙorana suna haɗuwa, duk a ƙasa ɗaya kuma a yini ɗaya.

Daga nan na fara haɗa abin a kaina. Na lura da safe wani farin tururi yakan kwanta a kan teku, da yamma kuma gajimare ya taru a kan dogayen duwatsun nan, filin da ke tsakani bai samu ko ɗigo ba. Na ce wa Ammu ina jin tekun ne yake aika ruwa, iska ta ɗauke shi ta tsallake Tihama, sai dutse ya tare shi ya zube a can. Ya ce ni da tambaya kamar ɗan sanda, in bar wa Allah ikonsa in kula da ƙanƙara. Amma bayan kwana biyu shi da kansa ya nuna mini gajimaren ya ce, "Ya Ummar, ga aiken tekunka ya isa."

Ranar da abin ya faru lokacin sanyinsu ne. Iskar kudu ta hana jiragen masunta shigowa da wuri, ba mu bar Lis ba sai bayan azahar. A hanya wani direba ya kira Ammu ya ce an tsananta bincike a shingen gaba, ana sauke kowa ana duba iƙama. Na ce ya sauke ni in san yadda zan yi. Ya ce ba zai bar ni a wannan fili ba, akwai wata tsohuwar hanyar makiyaya da take bi ta cikin wadi ta ɓullo bayan shingen. Muka bar kwalta.

Rana tana sama, babu ko ɗigon hadari a kanmu. Can gabas dai duwatsun sun yi baƙi ƙirin. Mun yi nisa a cikin wadin, gaɓa ta yi tsawo hagu da dama, sai ƙafar motar ta baya ta nutse a yashi. Na sauka ina tona ina cusa duwatsu. Ina durƙushe na ji wata iska mai sanyi ta bugi wuyana, tana ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Rabona da wannan ƙamshi tun gida. Na ɗaga kai na ga awaki a can saman gaɓa, ko ɗaya babu a ƙasa, alhali ciyawar a ƙasa take. Na kifa tafin hannu a kan yashi. Yana rawa kaɗan-kaɗan, sannan kunnena ya kamo wani gurnani mai kama da na injin niƙa daga nesa.

Na ce, "Ammu, fito. Ruwa ne."

Ya leƙo ya dubi sama ya ce wane ruwa, in tura kawai. Na buɗe ƙofa na kama hannunsa. Ya fizge, ya ce motar nan ita ce abincin 'ya'yansa, ba zai bar ta ba. Muna wannan ja-in-ja goshin ruwan ya ɓullo daga kwana. Bai ma yi kama da ruwa ba. Wani baƙin abu ne yana turo kumfa da itace da kashin awaki, tsawonsa bai wuce idon sawu ba, yana tafe kamar mutum yana sauri. Na san irinsa a rafukan da ke zuba a Kwara, na kuma san abin da ke bayansa. Ban ƙara neman izininsa ba, na finciko shi.

Ammu mutum ne mai jiki, ga ciwon suga. Kafin mu yi rabin hanya zuwa gaɓa ruwa ya kai gwiwa, kafin mu ƙara taku goma ya kai ƙugu, kuma ba ruwa kaɗai ba ne, duwatsu ne suke gangarowa a ƙarƙashi. Ɗaya ya daki ƙafarsa ya faɗi. Na cafko wuyan rigarsa ta baya kamar yadda mahaifina ya koya mana, ban yi faɗa da igiyar ba, na bar ta tana jan mu ina karkatawa gefe sannu a hankali, har na samu saiwar wata itaciya na riƙe. Wani tsohon makiyayi, mai awakin nan, ya sauko ya miƙo sandarsa, muka jawo Ammu sama. Da na waiwaya na ga motar ta juya sau ɗaya a hankali, ta kwanta, ta tafi. Akwatunan suka fashe, kifin teku ja da kore yana yawo a kan ruwan laka a tsakiyar hamada. Har lokacin rana tana dukan kanmu.

Ƙwaurin Ammu ya karye, ƙashi ya huda fata, jini yana zuba. Na ɗaure masa da hiraminsa. Wayarsa ta tafi da ruwa, amma makiyayin yana da tasa, ya kira masu agaji. Suka ce motarsu ba za ta iya shigowa ba, sai dai a fito da shi bakin kwalta, kusa da shingen. Tsohon ba zai iya ɗaukar ko ɗan akuya mai nauyi ba. Ya dube ni, ya gane halin da nake ciki ba tare da an gaya masa ba, ya ce in bi shi rugarsa in ɓuya, ya aika a nemo wasu su ɗauki mai ciwon. Na tambaye shi yaushe za su iso. Ya ce wataƙila bayan Magariba. Na dubi hiramin, ya riga ya jiƙe.

Ammu ya ce, "Ruh, ya waladi. Tafi. Ni ina da takarda, kai ba ka da ita."

Na ce, "Ammu, saboda ni ka shigo wadin nan. Kama wuyana."

Na goya shi. Wata bakwai ɗin da na yi ina hawa da jarkoki a Nakkasa ranar suka yi mini amfani. Makiyayin yana gaba yana nuna hanya, yana ta magana don kada Ammu ya suma. Ni ma, ko a wannan hali, sai da na tambaye shi ina ruwan nan zai je. Ya ce wani ya kai teku, amma yawancinsa yashi ne zai shanye, ya kwanta a ƙarƙashin wadin. Ya ce rijiyoyinsu duk a nan suke, kuma bayan sati biyu in na dawo zan tarar da wurin kore shar. Ya ce su ba sa kallon saman kansu, dutse suke kallo.

Mun iso kwalta rana ta yi ja. Aka karɓi Ammu aka sa shi a mota. Wani jami'i ya ba ni ruwa, ya ga ina rawar sanyi ya cire rigarsa ta sama ya yafa mini. Sai da na gama sha ya tambaye ni iƙama, a hankali, kamar mai jin nauyi. Na ce babu. Ya dubi motar asibitin da ke tafiya, sannan ya buɗe mini ƙofar tasu motar, kujerar gaba.

Sati uku na yi a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida. Ana gobe za mu tashi aka kawo mini jakata. Inna Zinatu ce ta aiko, ta cusa dabino da yaji da sabuwar atamfa ta ce a kai wa Hansai. Wanda ya kawo ya ce Ammu yana raye, ba a yanke ƙafar ba, kuma ya ce a gaya mini ya yafe motar.

A jirgi kujerar tsakiya aka ba ni. Wata mata 'yar Zariya da ke bakin taga ta ga ina ta miƙa wuya, ta ce ita tsoro ma take ji, mu yi musanya. Muna tashi daga Jidda jirgin ya karkata, sai ga ƙasar duka a shimfiɗe a ƙarƙashina: shuɗin teku, farin filin Tihama, katangar duwatsu da gajimare a kanta, da wadi bayan wadi suna saukowa daga dutse zuwa gaɓa kamar jijiyoyin bayan hannu. Na yi ta neman namu ban gane shi ba. Daga nan muka hau kan ruwa. Ban janye fuskata daga gilashin ba, kuma ba a daɗe ba na hango wata gaɓa tana tahowa, da nata farin fili, da nata baƙaƙen duwatsu, da nata busassun rafuka, kamar an tsaga ƙasa ɗaya biyu an zuba ruwa a tsakani. Na taɓa matar na ce ta duba, ashe tekun yana da hayi. Ta ce ita dai in mun sauka Kano in tashe ta.